A ina NGF da BDNF suke a ƙwaƙwalwar babba, kuma wa ke karɓarsu?

Maryam: Assalamu alaikum malamai da yayyenmu. Ina da gabatarwa a aji mako mai zuwa kan sinadaran da ke raya ƙwayoyin jijiya, su NGF da BDNF, kuma akwai inda abin ya shige mini duhu. Littafi ya ce a ƙwaƙwalwar da ta gama girma, hifokamfus (sashen da ke da hannu a koyo da tunawa) da ɓawon ƙwaƙwalwa ne suka fi yin NGF. Sai kuma ya ce makarɓinsa, wato TrkA, furotin ɗin da ke kama shi a jikin ƙwaya, ƙwayoyin da ke yin sa suna can gindin ƙwaƙwalwa ta gaba, kuma ba su da yawa. To ta yaya za a yi abu a nan, mai karɓarsa yana can? Don Allah a warware mini.

Malam Lawal: Wa alaikumus salam Maryam. Haka abin yake, kuma wannan nisan da kika lura da shi, a kansa maganar duka ta ginu. Ƙwayar jijiya ba a dunƙule take wuri guda ba. Jikinta kan zauna a wani yanki, ta miƙa dogon zare zuwa wani yankin daban. Waɗannan da kike magana a kansu, masu aiki da asetilkolin (sinadarin da suke aika saƙo da shi), suna zaune ne a septum na tsakiya, da zirin Broca, da cibiyar Meynert. Na septum suna aika zarensu hifokamfus, na Meynert kuma suna aikawa ɓawon ƙwaƙwalwa. A jikin ƙwayar ake ƙera TrkA, amma ba a nan yake zama ba, ana tura shi ne har bakin zaren. Can yake haɗuwa da NGF ɗin da ƙwayoyin hifokamfus suka saki. Da sun haɗu, sai bakin zaren ya haɗiye su tare cikin wata 'yar jaka, a ɗauko jakar a biyo zaren da ita baya har jikin ƙwayar, a nan saƙon yake aiki.

An ga wannan da ido tun 1979. Martin Schwab da abokan aikinsa sun sa wa NGF alamar da za a iya bin sawunta, suka zuba shi a hifokamfus na ɓera, bayan wani lokaci suka same shi a septum. Ki fara gabatarwarki da wannan gwajin, ajin zai gane sauran cikin sauƙi.

Maryam: Na gode Malam. Ke nan makarɓin yana hifokamfus ɗin ma, ba a jikin ƙwayoyin wurin ba ne dai?

Abdulhadi: Haka ne ƙanwata, kuma nan ne masu karanta taswirorin nan suke yawan tuntuɓe. Ki riƙa duba me aka auna. Idan mRNA aka auna, wato kwafin umarnin da ƙwaya ke bi ta ƙera furotin, abin da hoton ke nuna miki shi ne inda ake ƙera abin. Idan furotin aka auna, yana nuna miki inda abin ya je ya sauka ne. Sau da yawa hotunan biyu ba sa dacewa, kuma ba don ɗaya ya yi ƙarya ba. Taswirorin farko na mRNA sun fito ne wajen 1990 zuwa 1992, da yawansu daga cibiyar Karolinska ta Suwidin, ɗakunan binciken Håkan Persson da Lars Olson, kuma a ɓera aka yi su.

Misalin da ya fi burge ni shi ne BDNF a sitirayatum, wani sashe da ke can cikin ƙwaƙwalwa mai hannu a sarrafa motsi. Ki nemi mRNA ɗinsa a can, kusan ba za ki samu komai ba. Ki nemi furotin ɗin, ga shi nan da yawa. A 1997 Anthony Altar da abokansa suka nuna cewa daga ɓawon ƙwaƙwalwa yake zuwa, wani kuma daga ƙwayoyin dofamin na tsakiyar ƙwaƙwalwa. Ki lura da bambancin: NGF baya ake ja da shi, daga bakin zare zuwa jikin ƙwaya. BDNF kuwa a nan gaba ake tura shi, daga jikin ƙwaya zuwa bakin zare, a sake shi ga ƙwayar da ke gaba. Hanya ɗaya, tafiya iri biyu.

Malam Lawal: Madalla Abdulhadi. Tunda an taɓo BDNF, bari in shimfiɗa mata iyalin, don kada sunayen su rikita ta. Sinadaran su huɗu ne a jikin dabbobi masu shayarwa, kowanne da makarɓin da yake kamawa. NGF na TrkA ne. BDNF da NT-4 suna tarayya a TrkB. NT-3 na TrkC ne, ko da yake yakan ɗan taɓa sauran biyun. Sai wani makarɓin daban, p75, shi kowannensu yana iya kama shi.

Rabonsu a ƙwaƙwalwar babba bai zama daidai ba ko kaɗan. TrkA ɗan tsiraru ne: ƙwayoyin asetilkolin na gindin ƙwaƙwalwa ta gaba, da manyan ƙwayoyin asetilkolin da ke warwatse cikin sitirayatum, da wasu 'yan gungu a talamus da kututturen ƙwaƙwalwa. TrkB da TrkC kuwa kusan ko'ina ka leƙa za ka gan su. BDNF ya fi yawa a hifokamfus, musamman sassansa da ake kira CA3 da dentet, sannan ɓawon ƙwaƙwalwa, amigdala, kilostirum da haifotalamus. NT-3 yana da yawa lokacin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa, in ta girma sai ya ja baya ya tsaya a wurare kaɗan: dentet, CA2, da ƙananan ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ƙeya. NT-4 kaɗan ne ƙwarai. Shi ma p75 kamar NT-3 yake, yana ko'ina a jariri, a babba kuwa ƙwayoyin Meynert da septum ne suka fi riƙe shi, har masu bincike kan yi amfani da shi wajen gane su a ƙarƙashin madubin gani.

Yusuf: Malam, ni abin da ban taɓa mantawa ba a tarihin nan shi ne wahalar da aka sha kafin a kama BDNF. Yves-Alain Barde da Hans Thoenen, a cibiyar Max Planck kusa da Munich, a 1982, ƙwaƙwalwar alade kilo ɗaya da rabi suka tace kafin su samu kimanin maikurogiram ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram. NGF kuwa Allah ya kawo shi da sauƙi, don Stanley Cohen ya tarar da shi jibge a dafin maciji da kuma glandar yawun namijin ɓera. Shi ya sa ya riga kowa da kusan shekara talatin, alhali a cikin ƙwaƙwalwa BDNF ne ya fi shi yawa nesa ba kusa ba.

Malam Lawal: Gaskiya ne. Kuma mace ce ta buɗe ƙofar, Maryam ki riƙe wannan. Rita Levi-Montalcini, 'yar birnin Turin. Dokokin wariya na Mussolini na 1938 suka raba ta da jami'a saboda Bayahudiya ce, ta kafa ɗakin gwaji a ɗakin kwananta tana aiki da ƙwan kaza. Bayan yaƙi Viktor Hamburger ya gayyace ta St. Louis a Amurka. Abin da suka gane shi ne ɗan tayi yakan yi ƙwayoyin jijiya fiye da buƙatarsa, a wasu gungu kusan rabi su mutu, waɗanda zarensu ya samu isasshen sinadari daga gaɓar da suka nufa su ne ke rayuwa. A 1960 suka ba jariran ɓeraye maganin da ke toshe NGF, jijiyoyin da ke kula da bugun zuciya da faɗin jijiyoyin jini kusan duk suka mutu. Ita da Cohen suka karɓi kyautar Nobel a 1986. Ta rasu a 2012 tana da shekara 103. To wannan aikin rayar da ƙwaya shi ne yake ci gaba a gindin ƙwaƙwalwar babba: hifokamfus na ciyar da septum.

Abdulhadi: Allah ya gafarta Malam, a nan ne fa nake da ja. Abin da ya faru a jijiyoyin jariri, a wajen ƙwaƙwalwa, ban yarda a ɗauko shi kai tsaye a ɗora wa ƙwaƙwalwar babba ba. A 1990 Michael Sofroniew da abokansa sun kashe ƙwayoyin hifokamfus na manyan ɓeraye da guba, wato sun kawar da masu ba da NGF ɗin, suka bar zaren septum ba a yanke ba. In da rayuwarsu ta rataya ga NGF, da ƙwayoyin septum sun mutu. Ba su mutu ba, ƙanƙancewa suka yi. Haka a 2010, ɗakin binciken Barde ɗin nan da kansa, a Basel, suka cire BDNF daga kusan dukkan ƙwaƙwalwar ɓera. Ba a ga ƙwayoyi na zubewa ba. Sitirayatum ne ya ragu, rassan ƙwayoyinsa suka yi ƙaranci, hifokamfus kuwa canjinsa kaɗan ne. Ni a ganina aikinsu a babba shi ne kula da girman ƙwaya, da yawan rassanta, da ƙarfin mahaɗarta da sauran ƙwayoyi. Ɓerayen da aka rage wa BDNF, tun 1995 aka nuna mahaɗun hifokamfus ɗinsu ba sa ƙarfafa yadda ya kamata bayan an motsa su, kuma wannan ƙarfafar ita ce ake dangantawa da koyo.

Malam Lawal: To me za ka ce da aikin Franz Hefti na 1986? An yanke zaren da ya haɗa septum da hifokamfus, ƙwayoyin asetilkolin masu yawa suka ɓace. Aka zuba NGF, suka tsira. In wannan ba rayarwa ba ne, mene ne?

Abdulhadi: Malam, da me aka ƙirga su? Da rinin da ke kama sinadarin ƙera asetilkolin. Ƙwaya na iya daina yin wannan sinadarin, ta ƙanƙance, ta ɓace wa rinin, tana nan da ranta. Bayan haka an gwada jinkirta NGF ɗin har sai ƙwayoyin sun riga sun ɓace, da aka ba su, wasu suka sake bayyana. Matacce ba ya dawowa.

Malam Lawal: Wasu suka bayyana, ba duka ba, kuma gwargwadon jinkirin gwargwadon raguwar masu dawowa. Na yarda ƙwayar babba lafiyayya ba ta mutuwa don an janye mata NGF na ɗan lokaci. Amma wadda aka yanke wa zare, ko ta tsufa, ko cuta ta kama ta, halinta daban ne. Sannan kada ka manta da sababbin ƙwayoyin da ake haifa a dentet na babban ɓera, waɗanda da yawansu kan mutu cikin makonnin farko, kuma an nuna TrkB na da hannu a wanda zai rayu a cikinsu.

Abdulhadi: A ɓera, i. A mutum kuwa har yanzu ana ja-in-ja kan ko ana haifar sababbin ƙwayoyin da yawa bayan ƙuruciya. A 2018 bincike biyu suka fito kusan lokaci guda, ɗaya ya ce kusan babu, ɗaya ya ce suna nan har tsufa.

Dakta Kabiru: Ina biye da ku tun ɗazu, sai yanzu na samu sarari. Mu da muke ganin marasa lafiya, ko ƙwayar ta mutu ko ta ƙanƙance ta daina aiki, abin da iyali ke gani ɗaya ne: dattijo ya fara tambayar abu guda sau biyar. Amma bambancin yana da nauyi, don wadda ta ƙanƙance ana iya sa ran farfaɗo da ita.

A 1982 Peter Whitehouse da abokansa a Johns Hopkins suka nuna cewa a cutar Alzheimer ƙwayoyin cibiyar Meynert suna lalacewa sosai. Kowa sai ya zaci NGF ne ya yi ƙaranci. Da aka auna a ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu da cutar, sai aka tarar ɓawon ƙwaƙwalwa bai rasa NGF ba, ɗanyensa da ba a gama yankewa ba, wanda ake kira proNGF, ƙaruwa ma ya yi. A cibiyar Meynert ne aka ga ƙaranci, kuma TrkA ya ragu a can. Kamar tumatirin Kadawa ne lokacin da motoci suka kasa tashi: ga shi jibge a bakin gona, Legas kuma ana nemansa ido rufe. Matsalar a ɗauka da jigila take.

Kuma akwai abin da ya ƙara dagula lamarin. Shi proNGF ya fi son p75, in ya kama shi tare da wani furotin mai suna sotilin, saƙon da yake bayarwa na iya zama na mutuwa. To ga TrkA ya ragu, ga p75 bai ragu kamarsa ba, ga proNGF ya ƙaru. Ma'aunin ya karkata ke nan.

Hajiya Rabi: Dakta, ni tsohuwar nas ce, sunayen nan sun yi mini yawa, amma na fahimci zancen. Tambayata ɗaya: tunda an san abin da ƙwayoyin ke buƙata tun shekaru arba'in, me ya hana a yi allurarsa a ba tsofaffinmu? Mutane suna shan wahala da iyayensu a gida, wasu ma sai a ce jifa ne ko tsufa kawai.

Dakta Kabiru: Hajiya, an gwada, kuma abin da ya kayar da gwaje-gwajen shi ne ainihin tambayar da Maryam ta fara da ita, wato wuri. Na farko, NGF babban furotin ne, ba ya ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, don haka allurar hannu ba ta kai shi. Sai likitocin Karolinska suka zuba shi cikin ruwan ƙwaƙwalwa na mutum uku, aka wallafa sakamakon a 1998. Ciwon baya mai naci ya kama su, biyu kuma suka rame, dole aka dakata. Dalili kuwa ruwan nan yana gangarawa har laka, kuma jijiyoyin jin zafi da ke gefen laka cike suke da TrkA. Maganin ya tarar da makarɓin da ba shi aka nufa ba.

Sai Mark Tuszynski a San Diego ya ce to a kai shi daidai wurin. Daga 2001 ya ɗebi ƙwayoyin fatar marasa lafiya takwas, aka gyara su su riƙa yin NGF, aka dasa su kusa da cibiyar Meynert. Daga baya aka koma amfani da ƙwayar bairos marar cutarwa mai ɗauke da umarnin ƙera NGF, aka gwada a mutum 49, wasu an yi musu allurar gaske wasu ba a yi ba. Sakamakon ya fito a 2018: babu bambanci a tunaninsu. Da aka duba ƙwaƙwalwar wasu daga cikinsu bayan rasuwa, sai aka ga maganin bai bazu fiye da kimanin milimita ɗaya daga bakin allura ba, kuma bai kai ga ƙwayoyin da aka nufa ba. Don haka ni ban ɗauka an gwada NGF ya faɗi ba. Ba a kai shi ba ne.

Abin da ke hannunmu yanzu su donefezil ne, masu hana asetilkolin ɗin da ya rage saurin narkewa. Suna ɗan taimaka wa wasu, ba sa tsayar da cutar. Kuma Hajiya, duk dattijon da mantuwa ta yi wa yawa a kai shi asibiti, don akwai masu kama da ita da ake magancewa, kamar ƙarancin bitamin B12, matsalar glandar tairod da ke wuya, da ciwon damuwa.

Hajiya Rabi: Allah ya saka da alheri Dakta. Wannan na ƙarshen shi zan riƙa faɗa wa mata a unguwa.

Yusuf: In ƙara a kan maganar zafin nan. TrkA na jijiyoyin jin zafi ba ƙaramin abu ba ne. A 1996 Yasuhiro Indo a Japan ya gano cewa yaran da ake haifa ba sa jin zafi kuma ba sa gumi, ƙwayar gadon TrkA ce ta lalace musu. Kamfanoni suka juya abin, suka yi maganin toshe NGF don ciwon gaɓoɓi, tanezumab. Yana rage zafi, amma wasu gaɓoɓinsu suka riƙa lalacewa da sauri, aka watsar da shi a 2021. Inda NGF da kansa ya zama magani kuwa ido ne: ɗigon ido mai suna Oxervate, na gyambon baƙin ido da ke zuwa in jijiyarsa ta lalace. Turai ta amince da shi a 2017, Amurka a 2018. Can ba shinge, ɗigawa kawai za a yi a kan wurin.

Sagir: Malamai ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni mai motsa jiki ne, kuma kullum ina ganin ana cewa gudu na ƙara BDNF, har akwai masu tallar ƙwayoyi da garin wani naman kaza wai yana ƙara NGF. Wani ma ya ce ana iya auna BDNF a jini a san lafiyar ƙwaƙwalwa. Wanne ne gaskiya a ciki?

Abdulhadi: Na gudu yana da tushe. A 1995 ɗakin binciken Carl Cotman a Kalifoniya ya nuna ɓerayen da aka ba keken gudu, mRNA na BDNF ya ƙaru a hifokamfus ɗinsu cikin 'yan kwanaki, kuma an maimaita wannan sau da dama. A mutane, binciken Kirk Erickson na 2011 ya bi dattawa 120 shekara guda, masu tafiyar sauri hifokamfus ɗinsu ya ƙaru da kimanin kashi 2 cikin ɗari, na sauran ya ɗan ragu. Amma ba wanda ya buɗe kansu ya auna BDNF a ciki.

Na jini kuwa ka yi hattara. BDNF ɗin da ke jinin mutum, mafi yawansa a ajiye yake cikin ƙwayoyin da ke daskarar da jini, kuma daga ɓargo suke ɗauko shi. In jini ya daskare a kwalba sai su sake shi, shi ya sa adadin kan canza gwargwadon yadda aka sarrafa jinin. Lambar da za a ba ka ba ta gaya maka abin da ke faruwa a CA3 ba.

Dakta Kabiru: Sagir, ka ci gaba da gudunka, amfaninsa ga zuciya da hawan jini da suga ya isa dalili, kuma duk waɗannan suna kare ƙwaƙwalwa. Amma garin da ake talla, ka riƙe kuɗinka. Abin da ya sa ƙwayoyi a farantin ɗakin gwaji suka saki NGF ba shi ke nuna zai kai cibiyar Meynert a kan mutum ba. Sannan wannan tunanin na cewa yawan BDNF alheri ne ko'ina, ba haka ba ne. Bayan farfaɗiya BDNF kan hauhawa ƙwarai a dentet, kuma aikin James McNamara a jami'ar Duke ya nuna a ɓeraye cewa kunnuwar TrkB fiye da kima tana cikin abin da ke mayar da ƙwaƙwalwa mai yawan farfaɗiya. A laka kuma BDNF na da hannu wajen ciwo mai naci. Sinadari ɗaya, a wani wuri gyara, a wani wuri ɓarna.

Maryam: Malam Lawal ya ambaci haifotalamus ɗazu. Me BDNF yake yi a can, tunda ba wurin koyo ba ne?

Dakta Kabiru: Ci da ƙoshi. Akwai gungu a can, na ƙasa ta tsakiya, mai yin BDNF da yawa, kuma yawansa kan sauka in dabba ta yi yunwa. Ɓerayen da ke da rabin BDNF suna ci ba ƙoshi su yi ƙiba. A 2004 masu bincike a Cambridge suka ba da rahoton wani yaro mai lalatacciyar ƙwayar gadon TrkB, ga ƙiba mai tsanani, ga yunwar da ba ta yankewa, ga jinkirin koyo. Cutar Huntington ma, wata cutar ƙwaƙwalwa da ake gado, ki sa ta a gabatarwarki, ta dace da abin da Abdulhadi ya faɗa. Furotin ɗin da ke lalacewa a cutar yana taimakawa wajen ƙera BDNF a ɓawon ƙwaƙwalwa da kuma jigilarsa, sitirayatum kuma da ba ya yin nasa shi ne ke fara lalacewa.

Abdulhadi: Akwai wani abu game da TrkB da ba a faɗa ba, kuma littattafan aji kan tsallake shi. Iri biyu ne manya. Akwai cikakke, mai wutsiyar da ke aika saƙo cikin ƙwaya, wannan a ƙwayoyin jijiya yake. Akwai kuma guntu marar wannan wutsiyar, shi ne ya fi yawa a ƙwaƙwalwar babba, yana kan ƙwayoyin tallafi masu siffar tauraro da kuma ƙwayoyin da suka lulluɓe ramukan ruwan ƙwaƙwalwa. Shi ya sa in aka zuba BDNF cikin ruwan ƙwaƙwalwar ɓera, bango yake kamawa ya tsaya, ba ya shiga ciki kamar yadda NGF ke shiga. Don haka in kika ga hoto ya nuna TrkB ko'ina, ki tambaya wanne daga ciki rinin ya kama.

Wani abin da ya shafe mu kai tsaye: akwai wani sauyi a ƙwayar gadon BDNF da ake kira Val66Met, wanda aka yi rubuce-rubuce da yawa a kansa tun 2003 saboda yana rage sakin BDNF. A gabashin Asiya kusan rabin kwafin ƙwayar gadon na ɗauke da shi, a Turai kimanin ɗaya cikin biyar, a Afirka kudu da Sahara kuwa da ƙyar ake samunsa. Ɗalibin da zai kwafo wannan binciken ya yi a kan mutanenmu zai ɓata kuɗinsa ne, gara ya nemi sauye-sauyen da muke da su.

Maryam: Yaya Abdulhadi, akwai inda zan samu hotunan nan in nuna a aji?

Abdulhadi: Akwai taswirar ƙwaƙwalwar ɓera ta cibiyar Allen da ke Seattle, kyauta ce a intanet. Ki rubuta sunan ƙwayar gadon, ba na furotin ba: Ngf, Bdnf, Ntf3, sai Ntrk1 na TrkA, Ntrk2 na TrkB, Ntrk3 na TrkC, Ngfr na p75. Duka mRNA ne, ki faɗa wa ajin haka. Ki jera Bdnf da Ntrk2 a yanki guda mai sitirayatum, bambancin zai fito fili.

Malam Lawal: Ki kuma gaya musu ɓera ne. A mutum cibiyar Meynert ta fi girma da tsari nesa, kuma yawancin abin da muka sani na mutum daga gawa aka samo shi, bayan sa'o'i da rasuwa, lokacin da mRNA ya fara lalacewa. Manyan layukan sun dace da na ɓera, ƙananan bayanai kuwa a yi taka-tsantsan. Ni dai har yanzu ina kan bakana, Abdulhadi, cewa a tsufa da cuta waɗannan sinadarai suna tsakanin ƙwaya da mutuwa.

Abdulhadi: A cuta ban musa ba Malam. A lafiyayyen babba ne nake cewa a nuna mini gawar ƙwayar tukuna.

Yusuf: Ku biyun kuna iya samun amsa daga inda masu magani suka nufa yanzu. Tunda furotin ɗin ba ya ratsa shinge, sai aka koma neman ƙananan sinadarai da za a haɗiya su ratsa, su kama makarɓin kai tsaye. Akwai na Frank Longo na jami'ar Stanford, LM11A-31, wanda ke kama p75 don ya karkatar da saƙonsa daga na mutuwa. An gwada shi a masu Alzheimer a Turai na wata shida, aka wallafa a 2024. Gwajin na duba aminci ne, kuma ya tsallake wannan. Wasu alamomi a ruwan ƙwaƙwalwa da hoton kai sun nuna sauƙi, amma a gwajin tunani ba a ga bambanci tabbatacce ba.

Dakta Kabiru: Wata shida ya yi kaɗan a ga canjin tunani a cutar da ke tafiya a hankali irin wannan, sai an yi babban gwaji mai tsawo. Abin da ya sa nake sa ido a kansa shi ne zaɓin makarɓin. Ƙwaya mai kunna TrkB za ta taɓa kusan kowane yanki, har da na farfaɗiya da na ci da na zafi. p75 kuwa a lafiyayyen babba wurarensa kaɗan ne, kuma yakan sake bayyana ne a inda aka ji rauni ko cuta ta taɓa, don haka maganin da ya bi ta kansa yana da damar sauka inda ake buƙatarsa ba tare da an huda kai ba.